Me ya sa sandar ci-gaba take ƙamewa idan ana ɗora wa kwamfuta babbar manhaja?

Tambaya: Malam, jiya na zauna ɗora wa tsohuwar laftof ɗina sabuwar babbar manhaja, wato irin su Windows, daga filashi. Cikin 'yan mintoci sandar nan mai nuna inda aiki ya kai ta haura kashi 70, daga nan ta ƙame wuri ɗaya kusan minti 40, alhali a ƙasa an rubuta wai saura minti 5. Har na kai hannu zan kashe, sai kawai ta yi tsalle ta cika. Na'urar da ke lissafi biliyoyi a sakan ɗaya, ta yaya ƙidaya daga 1 zuwa 100 take gagarar ta? Ko kwamfutar ce ta fara ciwo?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya taimake ka da hannun bai kai ga maɓallin ba. Daga abin da ka bayyana ban ga alamar ciwo a jikin kwamfutarka ba. Ta gama aikin, ta tashi lafiya. Abin da ka gani halin sandar ne, kuma haka take yi wa kowa, da mai tsohuwar na'ura da mai sabuwa dal. Na daɗe ina ɗora manyan manhajoji a kan kwamfutoci iri-iri, na kuma taɓa rubuta irin wannan sanda da hannuna, don haka bari in buɗe maka cikinta.

Idan ka ga an rubuta kashi 70, fara tambayar kanka: kashi 70 na me? Kai da ke zaune kana kallo, lokaci kake aunawa. Minti 7 ya kai ka kashi 70, ranka ya riga ya ba ka cewa saura minti 3. Ita kuwa manhajar da ke aikin girkawar ba ta san gaibu ba. Abin da take iya ƙirgawa shi ne wanda ya riga ya bi ta hannunta: yawan fayilolin da ta kwafa, ko nauyin bayanan da ta rubuta, ko matakan da ta kammala cikin jerin da aka tsara mata. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da agogo.

Ɗauki bayanai masu nauyin megabait 400. Idan fayil ɗaya ne dunƙulalle, faifan ajiya irin na da, mai juyawa, wanda ke rubuta megabait 100 a sakan, zai gama da shi cikin sakan 4. Yanzu farfasa wannan nauyin zuwa ƙananan fayiloli 100,000, kowanne kilobait 4. Nauyi bai canja ba. Amma kowane fayil sai an shigar da sunansa a jadawalin faifan, an nema masa gurbi, an rubuta waɗanda ke da izinin taɓa shi, an rufe. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana cin kusan milisakan 8 kafin ya zagayo sau ɗaya, ga kuma allurar da sai ta matsa daga wannan layi zuwa wancan. Idan aikin a warwatse yake, irin wannan faifai ba ya wuce tsalle 100 ko makamancin haka a sakan. Fayil 100,000 a kan 100 a sakan, sakan 1,000 ke nan, kusan minti 17. Na ɗauki mafi munin hali ne, domin babbar manhaja tana da dabarar tara rubutu ta zuba shi lokaci ɗaya, amma dai ka ga tazarar: sakan 4 da minti 17, a kan kaya ɗaya. Faifan tsofaffin laftof ma yawanci sau 5,400 yake juyawa, bai kai wancan ba. Babbar manhaja kuwa gauraye take da iri biyun, manyan fayiloli kaɗan da ƙanana dubun-dubata. Sandar da ke ƙirga nauyi za ta sheƙa da gudu a kan manya ta koma rarrafe a kan ƙanana, wadda ke ƙirga yawan fayiloli kuma ta yi akasin haka. Duk wadda aka zaɓa, akwai inda za ta ba da kunya.

Da kwafa ce kaɗai aikin, da da sauƙi. Ana raba faifai, a tsara shi, a warware matsattsen hoton babbar manhajar a kansa, a binciko sassan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya a ba kowanne direbansa, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, a rubuta saituna, a girka abin da zai tayar da kwamfutar idan an kunna, wani lokaci a leƙa intanet a sauko da sabuntawa. Wannan aiki faifai yake gajiyarwa, wancan masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, na gaba kuma jiran layin sadarwa ne zalla. Ba su da ma'auni ɗaya, amma sanda ɗaya ce za ta wakilce su duka. To wa ke raba musu kashi 100 ɗin? Mutum ne, wanda ya rubuta manhajar. Zai zauna ya ce warware fayiloli ya ɗauki kaza, direbobi kaza, saituna kaza, bisa abin da ya gani a kwamfutocin gwajinsa. Ranar da rabon ya iso kan na'urar da faifanta ke da nawa amma masarrafarta na da ƙarfi, ko akasin haka, lissafin ya rushe.

Ni ma na yi wannan rabon. Wata ƙaramar manhajar ajiyar bayanai ce muka rubuta a wani wuri da na yi aiki, aka ba ni rubuta abin da zai girka ta. Matakai biyar ne, na ba kowanne kashi 20, na gwada a kwamfutata, sanda ta tafi sumul kamar an shafa mata mai. Mataki na biyar shi ne gina jadawalin bincike a kan tsofaffin bayanan mai amfani. A wajena bayanan gwaji ne 'yan kaɗan, sakan uku an gama. A wajen masu aiki da ita na gaske bayanan shekaru ne jibge, sai sanda ta zo kashi 80 ta yi zaman dirshan na kusan rabin awa. Mutane suka riƙa kashewa suna sake farawa, wasu har bayanansu suka rikice. Gyaran da na fara yi, har yau ina jin nauyin faɗinsa: na sa sandar ta riƙa matsawa da kanta, kowane sakan 30 ta ci kashi ɗaya cikin goma na tazarar da ta rage tsakaninta da 99. Ba ta san komai game da aikin ba, kuma ba za ta taɓa isa 100 ba sai aikin ya ce ya gama. Ƙorafi ya ɗauke ɗif. Aikin kuwa bai ƙara sauri ko da na sakan ɗaya ba. Tun daga ranar, duk sandar da na ga tana ƙara sanyin jiki yayin da take dosar 99, na san 'yar gidanmu ce.

Waɗanda suka yi zamani da Windows XP, wadda ta fito a 2001, za su tuna cewa a kowace kwamfuta da minti 39 take fara alkawari, mai sauri ce ko mai nawa. Lamba ce da aka liƙa wa matakai, kowane mataki da mintinsa. Shi ya sa minti 34 ya yi ƙaurin suna: a daidai nan ake girka direbobin na'urori, kuma idan wani sashe ya yi gardama sai lambar ta zauna a 34 har ka gaji. Daga Vista, wadda ta gaji XP, aka koma ɗora Windows daga babban matsattsen fayil guda, install.wim, wanda a wasu fitowar ake samunsa da sunan install.esd mai matsi mafi tsanani. Warware irin wannan aikin masarrafa ne da ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ba na faifai kaɗai ba. Ka kuma lura idan Windows na sabunta kanta, sau da yawa a kashi 30 take sake kunna kwamfutar sannan ta ɗora daga nan. Wannan 30 ɗin alama ce ta kan iyaka tsakanin aikin da ake iya yi kafin a kashe da wanda sai an sake tashi, ba ma'aunin kashi uku cikin goma na lokaci ba ce. Masu gyaran Windows da umarnin DISM kuma sun san 62.3, lambar da yake yawan daɗewa a kanta. Ka ji lamba har da ɗigo, kai ka ce an auna da sikeli, alhali sunan wani zango ne kawai.

Akwai kuma ayyukan da ita kanta manhajar girkawar ba ta ganin cikinsu. Tana kiran wata manhaja daban ta ce je ki yi kaza, sai ta naɗe hannu tana jira. Waccan ba ta turo rahoton rabi ko kwata, sai dai ta dawo ta ce na gama ko na kasa. Duk tsawon wannan jira sanda ba ta da abin da za ta matsa da shi, idan amsa ta zo kuma sai ta cinye kason matakin a tsalle ɗaya. Ina kyautata zaton abin da ya faru da kai ke nan. A babbar manhajar Linux ana ganin haka ƙarara wajen ƙarshe, lokacin da ake haɗa initramfs, ƙunshin fayilolin da ake fara tashi da su, ko lokacin da manhajar os-prober ke bin sassan faifai tana neman wasu manyan manhajojin da za ta sa a jerin GRUB, allon zaɓin da ke fitowa idan an kunna kwamfuta. Wani jiran ma babu aiki a cikinsa ko kaɗan: an aika tambaya ga wata na'ura ko wata uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ba da amsa a intanet, an tsara a jira amsa na wani ƙayyadajjen lokaci, idan shiru a sake gwadawa, sannan a haƙura a wuce. Kwamfuta na zaune ba ta komai, sanda na tsaye, kuma komai na tafiya yadda aka tsara.

Ko ƙirgen da babu ƙarya a cikinsa yakan ruɗar. A zamanin Android 5, wadda ta fito a 2014, bayan sabunta waya sai ka ga tana cewa tana daidaita manhaja ta kaza cikin kaza. Ƙirgen daidai yake, amma wata manhajar sakan biyu ce, wata minti biyu. Sai a Android 7 ta 2016 aka sauya tsarin aka rabu da wannan dogon jira.

Inda sanda ta fi haɗari a ganina shi ne idan ta cika alhali aiki bai ƙare ba. Rubutu a ram ya fi rubutu a faifai sauri nesa ba kusa ba, don haka babbar manhaja takan karɓi bayanai ta jibge su a ram ta ce wa mai kwafa an karɓa, sannan ta riƙa sauke su a faifai a hankali. A Linux, bisa saitin asali, bayanan da ke jiran sauka suna iya kaiwa kashi 20 na ram ɗin da ke akwai kafin a tilasta wa mai rubutu ya dakata. A kwamfuta mai ram da yawa wannan ya isa ya haɗiye babban ɓangare na fayil ɗin girkawa. Sanda ta ga an karɓe komai, ta buga 99 ko 100, filashi kuwa yana can yana haɗiya da ƙaramin maƙogwaronsa. Na taɓa zare filashi a irin wannan hali saboda gaggawa, na ga 100 na ce shi ke nan. Da na je ɗorawa da shi, aiki ya yi nisa sannan ya watse, domin wutsiyar fayil ɗin ba ta taɓa sauka ba. Laifina ne, fitilar filashin tana ta ƙyaftawa a gabana. Shi ya sa ake cewa a cire filashi ta hanyar umarnin cirewa, ko a Linux a buga umarnin sync a jira ya dawo. Faifan SSD, irin na zamani da ba ya juyawa, masu araha ma suna da irin wannan hali a cikinsu: akwai wani sashe mai sauri da suke fara cikawa, idan ya cika sai gudun ya faɗo warwas a tsakiyar aiki. Haka laftof idan ta ɗau zafi, masarrafa takan rage gudu don kare kanta.

Saura minti 5 ɗin nan kuwa hasashe ne a kan hasashe. Lissafinsa ba wuya: abin da ya rage a raba da gudun da ake yi. Amma wane gudu? Idan aka ɗauki na sakan ɗin nan, lambar za ta yi ta tsalle, yanzu minti 2, an jima awa 3, an jima sakan 40. Idan aka ɗauki matsakaicin gudu tun daga farko, lambar za ta natsu amma ta makara wajen gane cewa hanya ta canja, sai ta ci gaba da yi maka alkawari da gudun manyan fayilolin da aka wuce tuni. Yawancin masu rubuta manhaja tsaka-tsaki suke bi, su ba sabon gudu nauyi fiye da tsoho, amma duk dabarar baya take kallo. Raymond Chen, tsohon hannu a cikin injiniyoyin Microsoft, ya yi bayani tun a 2004 a kan dalilin da ya sa akwatin kwafar fayiloli na Windows ke ba da lokaci marar kan gado, kuma jigon maganarsa shi ne an tilasta wa akwatin faɗin abin da bai faru ba tukuna, da ɗan abin da ya gani zuwa lokacin. Za ka ce to a fara auna komai kafin a soma. Ana iya yi, amma bin fayiloli dubbai ana leƙa girmansu shi ma lokaci ne, kuma bai gaya maka yaushe wani direba zai yi taurin kai ba. Masu Mac ma sun san saura ƙasa da minti ɗaya da ke iya kai mutum ya tashi ya dawo ya tarar da shi. A can, tun daga macOS Big Sur ta 2020, ana hatimce sashen babbar manhajar da lissafin tabbatar da sahihanci, aiki ne na daban da ba ya cikin kwafar fayiloli.

To me ya hana a cire sandar kowa ya huta? An gwada abin a kan mutane. A 1985 Brad Myers, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Toronto ta Kanada, ya gabatar da bincike da ya nuna mutane sun fi son a nuna musu inda aiki ya kai a kan a bar su da allo shiru. A 2007 Chris Harrison da abokan aikinsa suka nuna wa mutane sanduna masu ɗaukar lokaci iri ɗaya amma tafiyarsu daban, sai ya zama wadda ke tsayawa kusa da ƙarshe ita ake gani ta fi jinkiri, wadda ke ƙara gudu a ƙarshe kuma ake ganin ta fi sauri. A 2010 suka ƙara gano cewa zanen da ke gudana baya-baya a cikin sanda yana sa a ji jiran ya ragu da kusan kashi 11. Ka ga ke nan rabin aikin sandar rarrashi ne. Ni ban ga laifin rarrashi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne lambar da ke nuna ƙwarewar da babu ita. Da za a rubuta maka cewa ana girka direbobi, wannan mataki yakan daɗe a tsofaffin na'urori, da hannunka bai doshi maɓalli ba. Wannan shi ne gyara na biyu da na yi wa waccan manhajar tawa: na sa layi ɗaya a ƙarƙashin sanda yana faɗin adadin bayanan da aka bi zuwa yanzu. Lambar da ke motsi da gaske ta fi kwantar da hankali a kan dabarata ta farko.

Yanzu ga abin da zai amfane ka nan gaba. Idan sanda ta tsaya, bar kallonta, nemi alamar rai a wani wuri. Fitilar faifai tana ƙyaftawa? Fanka tana tashi tana sauka? Danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa na amsawa, domin na'urar da ta sandare gaba ɗaya yawanci ko wannan ba ta yi. Mafi inganci shi ne kundin da manhajar ke rubuta abin da take yi layi-layi. A wajen ɗora Windows, Shift da F10 suna buɗe baƙin allon umarni, daga nan kana iya buɗe setupact.log da setuperr.log da ke cikin foldar Panther ka duba lokacin da aka rubuta layin ƙarshe. A manhajar girka macOS, Command da L suna fito da kundin. A ta Debian, wani nau'in Linux, mai rubutu zalla, Alt da F4 za su kai ka allon da saƙonni ke gudana. Muddin sababbin layuka na shigowa, aiki na tafiya, ko sanda ta kwana a wuri ɗaya.

Ni ƙa'idata, idan faifai mai juyawa ne nakan ba shi awa biyu zuwa uku, idan SSD ne awa ɗaya, kuma ina fara ƙirga ne daga lokacin da duk alamun rai suka ɗauke, ba daga lokacin da lamba ta tsaya ba. Haɗarin kashewa ma ba ɗaya ba ne. Idan sabuwar ɗorawa ce a kan faifan da ka riga ka share, iyakar asararka lokaci, ka sake daga farko. Idan ɗaukaka ce a kan tsohuwar manhaja mai ɗauke da kayanka, Windows takan yi ƙoƙarin komawa baya idan abu ya lalace, amma ba abin dogaro ba ne, ka kwashe kayanka a wani wuri tun kafin ka fara. Wanda ba a kashewa ko ana ha-maza-ha-mata shi ne sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, domin idan aka katse shi kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata. A nan caja ta kasance a jone tun daga farko.

Ciwo na gaske yana da kamanninsa: ka sake gwadawa sau biyu ko uku, kullum a wuri ɗaya take mutuwa, ko ta fito da lambar kuskure, ko ka ji faifai yana ƙwas-ƙwas a jere. A irin wannan, fara zargin filashin da fayil ɗin da ka sauko da shi, ka gwada lambar SHA-256 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da wadda masu manhajar suka wallafa, ka sake rubuta shi a wani filashin. Cire duk abin da ke jone wanda ba dole ba, firinta ne ko faifan waje. Idan bai warware ba, duba lafiyar faifai ta bayanan SMART da faifan ke ajiyewa game da kansa, ka gwada ram da manhajar Memtest86+.

Taka kuwa ta wuce, don haka babu abin gyarawa. Sai dai in ce idan za ka sake, duba ramukan USB na laftof ɗin. Na 2.0 a aikace ba ya wuce megabait 30 zuwa 35 a sakan, na 3.0 kuma, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, ya ninka shi sau da yawa idan filashin ma na 3.0 ne. In kuma har yanzu faifai mai juyawa ne a cikinta, sauya shi da SSD zai rage wancan zaman na minti 40 ƙwarai, ko da yake sandar za ta ci gaba da tsayawa a kusan wurin da ta tsaya maka jiya.